Kafin A Ce “A Yi Fomat”: Sharhi Kan Kwafe Tsohuwar Manhajar Kwamfuta Zuwa Wani Fatishan

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake neman abinci da su a Augie, Argungu da Birnin Kebbi gwanjo ne. Sun gama zamaninsu a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka a Legas, suka ratsa kasuwar Computer Village da ke Ikeja ko titin Beirut na Kano, sannan suka iso kwarin Rima. A nan suka buɗe sabon babi: buga katin ɗaurin aure, sakamakon jarrabawar ’yan makaranta, rasit ɗin dillalan shinkafa, takardun neman aiki, da kundin binciken ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Ba abin mamaki ba ne ka leƙa allon irin wannan kwamfuta ka tarar da Windows 7, wani jiƙon ma Windows XP, tana aikinta lafiya lau.

Matsalar takan zo ne ranar da faifan ajiyar kwamfutar ya fara ƙara, ko ya cika, ko mai ita ya so gwada sabuwar manhaja ba tare da ya rabu da tsohuwar ba. Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin mai gyara ita ce, “Alhaji, sai dai a yi fomat.” Wato a goge komai a ɗora sabuwa. Wannan amsa tana da sauƙi ga mai gyara, amma tsadarta a kan mai kwamfuta take. Akwai wata hanya: a kwafe babbar manhajar dungurungum, da duk abin da ke jikinta, zuwa wani fatishan, wato wani sashe na faifan, ko wani faifai daban, ta yadda kwamfutar za ta tashi daga can kamar ba abin da ya faru. Ra’ayina shi ne wannan sana’a ce da ya kamata kowane mai gyara a yankinmu ya iya, da sharaɗin a san inda amfaninta ya tsaya.

Me ya sa ake riƙe da tsohuwar manhaja?

Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows XP a 2001, ya daina kula da ita ranar 8 ga Afrilun 2014. Windows 7 ta fito a 2009, aka janye mata tallafi ranar 14 ga Janairun 2020. Ita kanta Windows 10 wa’adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa ta zamanin baya-bayan nan, abubuwan da kwamfutar gwanjo mai shekara goma sha ba ta da su. Saboda haka shawarar “ka sabunta kawai” ga mai shagon buga takardu a Augie tana nufin “ka sayi wata kwamfutar”, kuma kowa ya san abin da faɗuwar darajar naira ta yi wa farashin kayan lantarki.

Ban da kuɗi, akwai abubuwan da suka manne wa tsohuwar manhajar. Tsohuwar firinta ko sikana da ke aiki garau, amma kamfaninta bai taɓa yi mata direban sabuwar Windows ba. Tsohuwar CorelDRAW ko PageMaker da faifan CD ɗinta ya ɓace shekaru da suka wuce, wanda ya ɗora ta kuma ya bar gari. Manhajar lissafin sakamako da wani ya rubuta wa makaranta, babu wanda ya san inda yake yanzu. Sai kuma wani abu da ya shafe mu mu Hausawa kai tsaye: kafin haruffa masu lanƙwasa su samu gurbi a kowace waya da kwamfuta, marubuta da maɗaba’u sun daɗe suna amfani da salon rubutu na musamman irin su Rabi’at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Takardar da aka buga da irin wannan salo, idan aka buɗe ta a kwamfutar da ba ta da shi, sai ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma wasu alamomi. Fomat ɗaya yana iya mayar da rubutun shekaru abin da sai an bi shi layi-layi ana gyara. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta zauna daram.

Abin da ya sa kwafe fayiloli kaɗai ba ya isa

Mutane da dama sun taɓa gwadawa: su buɗe C, su zaɓi komai, su kwafe, su zuba a D, su zaci an gama. Kwamfutar ba za ta tashi daga D ba. Manomin fadama ya san dalili ko bai taɓa taɓa kwamfuta ba: idan za a yi dashen shinkafa, da saiwarta ake ciro ta, ba a tsinko ganye a soka a sabon fili. Saiwar Windows tana wuraren da idon mai amfani ba ya gani.

Ga yadda tsohuwar kwamfuta ke tashi. Da an danna makunni, wata ƙaramar manhaja da ke manne a madabod, mai suna BIOS, takan karanta gurbin farko na faifan ajiya. Girman gurbin bayit 512 ne kacal, ana kiransa MBR, kuma tsarinsa ya samo asali tun 1983. A ciki akwai ɗan umarni da jadawalin fatishan, wanda ba ya ɗaukar fiye da manyan fatishan 4. Umarnin yakan duba wanne ne aka yi wa alamar “daga nan ake tashi”, ya miƙa masa ragama. Shi ma fatishan ɗin yana da nasa gurbin farko, wanda ke kiran mai tayar da Windows. Duk waɗannan gurabe ba fayiloli ba ne, don haka kwafe da liƙawa ba ya ɗaukar su.

A Windows XP, mai tayarwar shi ne fayil ɗin NTLDR, kuma yana karanta wani ɗan rubutu mai suna boot.ini, inda aka rubuta lambar fatishan ɗin da Windows take. Idan da tana lamba 1 aka mayar da ita lamba 2 ba a gyara rubutun ba, sai kwamfuta ta yi ƙorafin cewa hal.dll ya ɓace, alhali yana nan, wurin nema ne aka saɓa. Daga Windows Vista zuwa gaba tsarin ya sauya: mai tayarwar shi ne bootmgr, bayanansa kuma suna cikin wata ma’ajiya da ake kira BCD. A Windows 7 yawanci waɗannan suna zaune ne a wani ɗan ɓoyayyen fatishan mai megabayit 100. Wanda ya kwafe C ya manta da wannan ɗan fatishan ya ɗauko gangar jiki ya bar makunni.

Bayan haka, Windows da ke kunne tana riƙe da wasu fayilolinta gam, musamman na rajista inda duk saitunan manhajoji suke, ba ta yarda a kwafe su ta hanyar da aka saba. Shi ya sa aka ƙirƙiro manhajojin da ke ɗaukar hoton fatishan gaba ɗaya. Tsofaffin masu gyara za su tuna da Ghost, wadda Murray Haszard ya ƙirƙira a ƙasar New Zealand, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998, aka daina sayar da Norton Ghost a 2013. A yau Clonezilla, wadda ta fito daga wata cibiyar binciken kwamfuta ta gwamnatin Taiwan, kyauta take, ba ta buƙatar lasisi, kuma tana tashi daga filas ba tare da ta dogara da Windows ɗin da ke ciki ba.

Tarkuna uku da ke kama masu gyara

Tarko na farko shi ne harafin faifai. Windows tana ajiye a rajistarta, a wani wuri mai suna MountedDevices, cewa wane fatishan ne C, wanne ne D. Kwafin da aka yi yakan gaji wannan ajiya. Idan ya tashi karon farko ya tarar da tsohon fatishan yana nan, sai ya ci gaba da kiran tsohon da C, ya ba kansa wani harafi. Daga waje komai zai yi kamar yana tafiya daidai, amma rabin aikin daga tsohon wuri ake ɗauko shi. Ranar da aka goge tsohon, sai sabon ya kasa wuce allon shiga. Maganin wannan idan faifai biyu ne: a cire tsohon faifan kafin tashin farko. Idan kuma fatishan biyu ne a faifai ɗaya, a ɓoye tsohon da manhajar GParted, ko a gyara wancan wuri na rajistar kwafin kafin a tayar da shi.

Tarko na biyu shi ne sauya gida. Kwafi a cikin kwamfuta ɗaya abu ne mai sauƙi, domin madabod da sauran kayan ba su canza ba. Ɗaukar Windows daga HP a kai ta Dell wani zance ne daban. Sau da yawa shuɗin allo ne zai tarbe ka da lambar 0x0000007B, ma’ana manhajar ba ta da direban da za ta yi magana da faifan a sabon gidan. Wani lokaci sauya saitin faifai a BIOS daga AHCI zuwa IDE yana warware matsalar, musamman ga XP wadda ba ta zo da direban AHCI ba. Ga Windows 7, Microsoft ta tanadi Sysprep, wadda ke kwance manhajar daga kayan tsohuwar kwamfuta kafin a ɗauki hotonta.

Tarko na uku shi ne tazarar zamani. Kwamfutocin yanzu sun bar BIOS da MBR sun koma UEFI da GPT, tsarin da ya kawar da iyakar fatishan 4 da iyakar terabayit 2. Windows XP da aka saba gani ba ta tashi daga faifan GPT ko kaɗan. Windows 7 kuma ba ta zo da direban USB 3.0 ba, har ta kai a wasu sababbin kwamfutoci za ta tashi amma linzami da allon rubutu su ƙi motsi. Mai gyara na gari zai gaya wa mai kaya gaskiya tun farko: tsohuwar manhaja tsohuwar kwamfuta take nema.

Yadda ake aikin a tsanake

Kafin komai, a kwashe takardu da hotunan mai kaya zuwa wani faifai na waje. Sannan a duba lafiyar tsohon faifan da manhaja irin CrystalDiskInfo. Idan ta nuna gargaɗi, ko faifan yana ƙas-ƙas, kada a wahalar da shi da dogon bincike da gyare-gyare, domin kowane juyi yana rage masa kwana. Irin wannan faifai ddrescue ake sa masa, wadda ke fara kwashe wuraren da ke da lafiya kafin ta koma kan masu rauni.

Idan faifan lafiya yake, a tayar da kwamfutar daga filas mai Clonezilla. Shawarata ita ce a fara ajiye hoton fatishan a faifan waje, daga nan a sauke shi a sabon wuri, maimakon kwafe kai tsaye. Hakan ya fi ɗaukar lokaci, amma yana bar maka abin komawa idan wani abu ya lalace. A lura cewa Clonezilla tana son wurin sauka ya kai girman na asali ko ya fi shi. Wanda zai tashi daga faifai mai gigabayit 500 zuwa mai 240 sai ya fara tsuke fatishan ɗin da GParted.

Wurin da ya fi kowanne haɗari shi ne zaɓen daga ina zuwa ina. Clonezilla ba ta cewa C da D, sda da sdb take cewa. Wanda ya juya su zai kwafe faifan da babu komai a kan mai kayan, kuma wannan ɓarna ba ta da gyara. A karanta sunan kamfani da girman kowane faifai a natse kafin a amsa. Sai batun wuta. A inda wutar Nepa ke tafiya ba sallama, janareta kuma mansa ke ƙarewa a tsakiyar aiki, kada a fara tsuke fatishan sai da cikakken batir ko inbata ko sola. Yankewar wuta ana tsakar matsar da fatishan tana iya lalata na asalin ma.

Bayan saukewa, idan kwafin ya ƙi tashi, ba a fidda rai. Ga Windows 7, faifan ɗora ta yana da sashen gyaran tashi, akwai kuma umarnin bcdboot da bootrec. Ga XP akwai fixboot, fixmbr da bootcfg. Idan ana son manhajoji biyu su zauna tare a zaɓi wadda ake so yayin kunnawa, a bar ragamar a hannun sabuwar, domin sabuwa ta san tsohuwa, tsohuwa kuwa ba ta san sabuwa ba. Kuma a kashe saurin tashi na Windows 10, wanda ke barin faifai a rabin barci, abin da ke jawo rikici idan ɗayar ta taɓa shi. Daga ƙarshe a gwada aikin gaske a gaban mai kaya: a buga takarda, a buɗe tsohon kati, a ga haruffa masu lanƙwasa sun fito. Tsohon faifan kuma a adana shi, kada a yi gaggawar goge shi.

Inda kwafin ya fi biyan kuɗinsa

Mafi kyawun dalilin wannan aiki a yankinmu shi ne ƙaura daga faifai mai juyawa zuwa SSD. Zafin bazara a Kebbi yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga jijjigar babur a hanyar ƙauye, kuma duk waɗannan abokan gabar faifai mai juyawa ne. SSD ba shi da abin da ke motsi, yana kuma sa tsohuwar kwamfuta ta yi saurin da mai ita bai taɓa gani ba. Windows 7 ta san yadda ake kula da SSD. XP ba ta sani ba, kuma takan fara fatishan ɗinta daga gurbi na 63, wanda bai dace da tsarin SSD ba, don haka sai an daidaita shi da GParted.

Wuri na biyu shi ne ɗakunan kwamfuta na makarantu da cibiyoyin jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma cibiya guda tana ɗauke da ɗaruruwan na’urori. Idan iri ɗaya ne, a shirya guda ɗaya tsaf, a ɗauki hotonta, a sauke a sauran. Wadda ɗalibi ya hargitsa kuma a mayar da ita yadda take kafin a tashi daga makaranta.

Sai dai a yi hattara da wani ruɗi. Fatishan na biyu a kan faifai ɗaya yana ceto idan Windows ce ta lalace, amma idan faifan ne ya mutu, duka biyun sun tafi tare. Haka nan idan ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, ko ruwa ya shiga shago. Mutanen da suka ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi ba sa buƙatar dogon bayani kan wannan. Ajiya ta gaskiya ita ce wadda ke wani faifai, a wani ɗaki.

Hujjar masu suka

Masu cewa a rabu da tsofaffin manhajoji suna da gaskiyarsu, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Manhajar da aka daina sabuntawa duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano a jikinta a buɗe za ta zauna. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, har Microsoft ta fitar da gyaran gaggawa ga XP da ta riga ta sallama. Chrome ta tsaya a lamba 109 ga Windows 7 tun farkon 2023. Shiga asusun banki, ko cike fom ɗin mutane da lambar NIN da BVN, a kan irin wannan kwamfuta ganganci ne da dukiyar jama’a.

Haka kuma kwafi ba ya tace komai. Bairos ɗin nan da ke ɓoye fayilolin filas ya bar gajerun hanyoyi, wanda ya addabi shagunan buga takardu, zai bi kwafin zuwa sabon gida cikin kwanciyar hankali. Idan manhajar ta riga ta ruɓe, fomat ne maganinta, kuma a nan mai gyara bai yi laifi ba.

Akwai ma hanyar tsakiya. Idan sabuwar kwamfutar tana da ƙarfi, ana iya mayar da tsohuwar manhajar fayil guda da Disk2vhd, a riƙa kunna ta a cikin taga ta VirtualBox. Idan kuma kwamfutar tsohuwa ce, a ɗora Linux Mint a fatishan ɗaya don shiga intanet, a bar Windows 7 a ɗayan don zane da firinta, ba tare da an taɓa haɗa ta da intanet ba. A ganina wannan rabo shi ya fi dacewa da mai shago a Augie da ba shi da halin sayen kwamfuta biyu.

Lasisi da amana

Lasisin Windows da ya zo manne da kwamfuta na wannan kwamfutar ne. Sauya mata faifai ba laifi, amma kwafe ta a zuba a kwamfutoci goma da lasisi ɗaya ya saɓa wa yarjejeniyar. Makarantun da za su yi kwafi mai yawa su tanadi lasisin da ya halatta hakan, ko su koma Linux da ba ta da wannan ƙa’ida.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. Hoton faifai yana ɗauke da komai: hotunan iyali, kalmomin sirri, bayanan ɗalibai, lissafin kasuwanci. Mai gyaran da ya bar hoton faifan wani a ma’ajiyarsa bayan an gama aiki yana riƙe da sirrin gidan mutum ba da izininsa ba. Dokar kare bayanan jama’a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhaki a kan masu riƙe bayanan mutane, kuma tun kafin doka addini ya hana cin amana da bin diddigin al’aurar mutane. A miƙa wa mai kaya hotonsa, a goge na shago a gabansa.

Hukunci

Kwafe tsohuwar manhaja ya dace a wurare uku: idan faifai na shirin mutuwa ko ana son komawa SSD, idan akwai na’ura ko manhajar da ba ta aiki sai da ita, da kuma idan ana son gwada sabuwa ba tare da rufe ƙofar komawa ba. Bai dace ba idan manhajar ta kamu da bairos, ko idan da ita za a riƙa hulɗar kuɗi a intanet. Lokaci yake saya wa mai kwamfuta, kuma a cikin wannan lokaci ya kamata ya riƙa mayar da takardunsa zuwa tsarin zamani, yana tara kuɗin wata na’urar.

Kirana ga sassan koyar da kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami’ar Tarayya da ke Birnin Kebbi, da Jami’ar Aliero, da kwalejin Argungu, shi ne su ba ɗalibai tsofaffin faifai su koyi wannan aiki da hannunsu, domin irin kwamfutocin da za su tarar a garuruwansu ke nan. Ku kuma masu gyara, ku tambayi mai kaya abin da ke cikin na’urarsa kafin ku ambaci fomat. Kai kuwa mai kwamfuta, ba a fafe gora ranar tafiya: ka nemi faifan waje, ka sa a ɗauki hoton manhajarka tun tana tashi lafiya.